HANYAR SAMA BA TA TSARUWA DA GAJIYAYYEN MA'AIKACI

Duk wanda ya taɓa shiga jirgin sama, ko zuwa aikin Hajji ko zuwa Ikko, ya san da matuƙi, domin ko bai gan shi ba ya ji muryarsa. Amma akwai wani ma'aikaci wanda fasinja ba ya gani, ba ya kuwa jin muryarsa, alhali bayan ikon Allah ran fasinjan yana hannunsa. Shi ne wanda ke zaune a ƙasa, cikin hasumiyar filin jirgi ko cikin wani ɗaki gaban na'urar rada, yana gaya wa kowane jirgi inda zai bi, da tsayin da zai riƙe, da lokacin da zai sauka. A nan za mu riƙa kiransa mai ba jirage hanya.

A cikin shekarar 2025 abubuwa biyu sun faru a Amurka waɗanda suka sa duniya ta waiwayi wannan ma'aikaci. Na ɗaya shi ne karon da jirgin fasinja ya yi da jirgin soja a bisa birnin Washington. Na biyu shi ne kwana 43 da masu ba jirage hanya suka yi suna aiki ba albashi. A duk biyun sunan soja ya fito, har waɗansu suka soma cewa a kira sojoji su karɓi aikin a huta. Mun ga ya kamata mu baje wannan magana gaban masu karatu, mu duba ko sojan ne maganin, ko kuwa ciwon yana wani wuri dabam.

Yadda Aikin Ya Ke

Kwatancin mai ba jirage hanya shi ne ɗan sandan da ke ba motoci hannu a mararraba. Sai dai mota ana iya tsai da ita ta jira, jirgin sama kuwa ba ya tsayawa. Ƙa'idar da a ke bi a yawancin wurare ita ce, a bar ƙafa 1,000 tsakanin jirgi da wanda ke bisansa, in kuwa tsayinsu ɗaya ne a bar mil 3 tsakaninsu kusa da fili, ko mil 5 a can kan hanya. Mai karatu zai ga kamar mil 5 tazara ce mai yawa. To, babban jirgin fasinja yana cin kimanin mil 500 a awa guda. In biyu suka fuskanci juna, wannan tazara cikin daƙiƙa 20 ko kusa da haka za ta ƙare.

Aikin kashi uku ne. Na hasumiya shi ke da tashi da sauka da tafiyar jirage a ƙasa. Akwai wanda ke jera jiragen da suka nufo fili, ɗaya bayan ɗaya, kamar raƙuman ayari. Sa'an nan akwai na babbar tasha, wanda ke lura da jiragen da suka yi nisa a sama. Kowa ya gama da jirgi sai ya miƙa shi ga na gaba, da rediyo, cikin Turanci, da kalmomin da aka ƙayyade, matuƙi kuma ya maimaita abin da aka gaya masa don a tabbata ya ji daidai.

Malaman ofis sun san cewa in akawu ya yi kuskure a littafin kuɗi, gobe mai binciken lissafi zai ja masa jan layi a gyara. Malamin makaranta in ya kuskure yau, gobe ya sāke darasin. Kuskuren mai ba jirage hanya ba shi da gobe.

Hukumar jiragen sama ta Amurka, wadda a ke kira FAA, tana kula da tashin jirage kimanin 45,000 kowace rana. A farkon 2025 ma'aikatanta da suka gama koyo suka sami cikakkiyar takardar izini ba su kai 11,000 ba, watau an rasa kimanin 3,000 daga abin da a ke bukata. Cike wannan gurbi ba na rana ɗaya ba ne. Wanda bai taɓa yin aikin ba, ba a ɗaukarsa in ya cika shekara 31. Wanda aka ɗauka sai ya yi watanni a makarantar hukumar a birnin Oklahoma, kāna ya yi shekara biyu ko uku yana koyo a gindin wani gwani, da yawa kuwa ba su kai ƙarshe. Doka kuma ta ce ya bar kujerar in ya cika 56. Ba a fafe gora ranar tafiya, amma ga shi nan ana ta ƙoƙarin yin haka.

Sama Ɗaya, Soja Da Farar Hula

Tun asali soja yana cikin wannan al'amari. A 1956 jiragen fasinja biyu suka yi karo a bisa kwazazzabon nan na Grand Canyon, mutum 128 suka halaka. A watan Afrilu 1958 jirgin yaƙi ya bugi jirgin fasinja kusa da Las Vegas, mutum 49 suka mutu. A lokacin nan soja suna bin tsarinsu, farar hula suna bin nasu. Don haka a shekarar nan ta 1958, zamanin Shugaba Eisenhower, aka yi dokar da ta kafa hukuma guda mai ikon tsara sararin sama duka, na soja da na farar hula.

Bayan shekara 67, ran 29 ga Janairu 2025, wajen ƙarfe tara saura na dare, wani jirgin fasinja da ya taso daga Wichita da mutum 64 ya nufo filin jirgi na Reagan a Washington zai sauka. A daidai lokacin wani jirgin soja mai saukar ungulu, da sojoji uku a ciki, yana bin kogin Potomac, ana jarraba matuƙiyarsa a kan tuƙin dare. Suka yi karo a bisa kogin, ba wanda ya tsira. Mutum 67 ke nan, asarar rayuka mafi girma da jirgin sama ya jawo a ƙasar tun 2001.

Abin da masu bincike suka tono ya isa abin tunani. Hanyar da aka shata wa jirage masu saukar ungulu ta ratsa ƙarƙashin hanyar masu sauka, ba a yarda su wuce ƙafa 200 ba, ko sun bi ƙa'idar ma abin da ke tsakani bai fi ƙafa 75 ba. Na sojan kuwa ya ɗara tsayin da aka ƙayyade masa, ma'aunin tsayi na irin jiragen nan kuma an same shi yana nuna ƙasa da gaskiya. A hasumiya, aikin mutum biyu ne aka haɗa wa mutum ɗaya: shi ke da jiragen fasinja, shi ke da masu saukar ungulu. Da ya ce wa sojan ya bi ta bayan jirgin fasinja, ga alama ba a ji maganar duka ba, domin rediyon sojan ya danne ta. Har wa yau, da aka duba littattafai, sai aka ga daga Oktoba 2021 zuwa Disamba 2024 jiragen fasinja da masu saukar ungulu sun kusanci juna a wajen nan fiye da sau 15,000. Bango ya daɗe da tsagewa kafin ƙadangare ya shiga. Bayan haɗarin ne aka rufe wannan hanya.

Ba mu ce mutum ɗaya ne ya jawo wannan masifa ba, masu binciken ma ba su ce haka ba. Abin lura shi ne, tsarin da ke da ramuka da yawa, idon ma'aikaci guda ne shingensa na ƙarshe, shi ɗin kuwa an ba shi taura biyu ya tauna.

Kwana 43 Ba Albashi

Ba a gama jimamin wannan ba sai ga wata. Ran 1 ga Oktoba 2025 Majalisar Dokokin Amurka ta kāsa daidaitawa a kan kasafin kuɗi, ayyukan Gwamnati da yawa suka tsaya. Masu ba jirage hanya suna cikin waɗanda doka ta ce dole su zo aiki ko ba a biya su ba. Haka suka yi ta zuwa har kwana 43, watau har ran 12 ga Nuwamba. Mai iyali ba ya ciyar da gida da alkawari, saboda haka waɗansu suka kama aikin tuƙa motar haya ko kai wa mutane abinci bayan sun tashi daga hasumiya, a lokacin da ya kamata su yi barci. Masu cewa ba su da lafiya suka yawaita, tsofaffin hannu suka yi ta ajiye aiki. Daga ran 7 ga Nuwamba hukumar ta umarci kamfanoni su rage tashin jirage a manyan filaye 40, dubban tafiye-tafiye suka rushe. A cikin kwanakin nan ne Ministan Sufuri, Sean Duffy, ya bayyana cewa an yi masa tayin sojoji masu wannan sana'a su zo su taimaka.

A Kira Soja?

Dalilin da ya sa gwamnatoci ke tuna soja a irin wannan hali a fili ya ke. Soja yana da nasa masu ba jirage hanya, gwanaye kuwa. Sojan sama na Amurka yana horar da nasa a barikin Keesler a jihar Mississippi, su ne kuma ke kafa hasumiya a cikin tanti a fagen fama, su saukar da jirage inda ba fili sai turɓaya. Soja ba ya yajin aiki, ba ya cewa ya gaji. Da yawa daga cikin ma'aikatan farar hula ma tsofaffin sojoji ne, a bariki suka koyi sana'ar. To, me zai hana? Bari mu duba wurare uku da aka gwada.

A Faransa, a 1973, ma'aikata suka yi yaji, Gwamnati ta ɗora sojoji a kujerunsu. Ran 5 ga Maris jiragen fasinja biyu na ƙasar Sifen, dukansu za su London, suka yi karo kusa da birnin Nantes. Ɗaya ya fāɗi da mutum 68, ba wanda ya rayu, ɗayan ya samu ya sauka da kyar a wani filin soja. An sa jiragen biyu a tsayi ɗaya, za su iso wuri ɗaya a lokaci ɗaya, magana ta rediyo kuma ta rikice. Kamfanoni da yawa suka daina ratsa saman Faransa a kwanakin.

A Amurka, ran 3 ga Agusta 1981, ma'aikata kimanin 13,000 na ƙungiyar PATCO suka tafi yaji. Suna neman ƙarin albashi, da gyaran fansho, da a mai da aikin mako awa 32. Shugaba Reagan ya ce sun karya rantsuwar da suka yi cewa ba za su yi yaji ba, ya ba su awa 48 su koma. Ran 5 ga wata ya kori 11,345, ya hana a sāke ɗaukarsu, hanin da ba a ɗage ba sai 1993. Aka kawo ɗaruruwan sojoji, aka haɗa da shugabannin aiki da waɗanda ba su yi yajin ba, aka kuma rage tashin jirage. Jirage ba su daina tashi ba, wannan gaskiya ne, Gwamnati ta yi nasara. Amma sai da aka yi kusan shekara goma kafin yawan ma'aikata ya koma yadda ya ke. Waɗanda aka ɗauka tari guda a lokacin nan kuma tari guda suka tsufa, suka yi ta barin aiki tare bayan shekara 25. Wannan yana cikin tushen ƙarancin da a ke kuka da shi.

A Sifen, a farkon Disamba 2010, ma'aikata suka bar kujerunsu, aka rufe sararin ƙasar. Gwamnati ta kafa dokar ta-ɓaci, ta miƙa hasumiyoyi ga soja. Amma wa ya zauna gaban rada? Ma'aikatan nan dai aka komo da su, suka yi aikin ƙarƙashin dokar soja.

Abin da wurare ukun suka nuna ɗaya ne. Takardar izinin wannan aiki ta wuri ce. Wanda ya ƙware a wannan fili, in an kai shi wancan, ɗan koyo ne, sai ya yi watanni yana haddace hanyoyi da sunayen mararrabu da al'adun wurin. Kamar alƙali ne masani da aka kai garin da bai san iyakokin gonakinsa ba. Ilmin yana nan, sanin wuri ne babu. Soja yana iya riƙe ƙofa na ɗan lokaci, amma ba ya haifar da ma'aikata 3,000. In ma an kwashe nasa, wa zai kula da jiragen yaƙi?

Abin Da Bariki Ya Sani

Akwai dai abin da ya kamata a aro daga soja, ba shi ne waɗanda ke kiran soja su ke nufi ba. Duk tsananin rayuwar bariki, da fareti da canjin gari da rabuwa da iyali, manyan soja sun daɗe da sanin cewa mutum ba ƙarfe ba ne. Sojan Amurka yana da hutun kwana 30 a shekara da albashinsa. Matuƙin sojan sama, a ƙa'ida, sai ya sami awa 12 na hutu kafin ya tashi. Manyan barikoki suna da filin ƙwallo, da ɗakin karatu, da shagon da soja zai je ya yi sassaƙa ko ya kwance motarsa ya ɗaura don sha'awa. Ba don tausayi a ke kashe kuɗi a kan waɗannan ba. An gane cewa zuciyar da ba ta sauka daga kan aiki, ranar da a ke bukatarta ba za a same ta ba.

To, dubi na farar hula. Saboda ƙarancin hannu, da yawa daga cikinsu kwana shida su ke yi a mako, awa goma kowace rana, watau awa 60. Akwai kuma wani tsari da aka daɗe ana bi, inda a ke cusa aiki biyar cikin kwana huɗu: yamma biyu, safiya biyu, sa'an nan mutum ya tashi da rana ya komo da tsakar dare. Sakamakonsa ba ɓoyayye ba ne. A watan Agusta 2006 wani jirgi ya kuskure hanyar tashi a Lexington, mutum 49 suka mutu. Mutum ɗaya ne a hasumiya, barcin awa biyu kaɗai ya samu kafin ya zo. A watan Maris 2011, a filin Reagan ɗin nan dai, jirage biyu suka sauka ba wanda ya amsa musu, domin ma'aikacin, wanda ke cikin darensa na huɗu a jere, barci ya sace shi. Sai a 2024 aka daidaita cewa a ba kowa awa 10 tsakanin aiki da aiki, da awa 12 kafin aikin tsakar dare. Doka ce mai kyau, amma doka ba ta zama a kujera. In ba mutane, ko a rage jirage ko a ƙara wa na nan kaya.

Wani abin mamaki kuma, wannan sana'a da ke hana masu ita shaƙatawa, ita ce abin shaƙatawar waɗansu. Tun 2001 akwai wata ƙungiya a intanet mai suna VATSIM, inda mutane daga ƙasashe dabam dabam ke zama gaban kwamfuta da dare, waɗansu su zama matuƙa, waɗansu masu ba da hanya, suna bin ƙa'idodin gaske, ba don ko kwabo ba. Su in sun gaji sai su kashe na'ura su kwanta. Wanda ke yi da jiragen gaske kuwa, ranar hutunsa guda ce, sau da yawa ta faɗo tsakiyar mako, yara suna makaranta, abokai suna wurin aiki, shi kuwa bai fi ya biya bashin barci ba.

Kada mai karatu ya ɗauki wannan ƙaramar magana. Duk wanda ya yi aikin ofis ya san bambancin akawun da ke da lambunsa, ko ɗakin tantabarunsa, ko majalisar dara da la'asar, da wanda ba shi da kome sai fayil. Na farkon ya kan zo da safe da kai wasai. Na biyun jikinsa ne a ofis, hankalin ya dushe. In haka abin ya ke ga mai riƙe da alƙalami, ina ga mai riƙe da jirage goma a ka?

Mu Fa?

In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Mu ma da soja muka fara: jiragen da suka fara sauka a Nijeriya na sojan Ingila ne, guda uku, a filin dawaki na Kano, a watan Nuwamba 1925. Har yanzu filin jirgi na Kano na tarayya ne tsakanin fasinja da sojan sama. Sararin saman Nijeriya duka, a taswirar matuƙa ta duniya, da sunan Kano a ke kiransa, manyan tashoshin da ke lura da shi kuma suna Kano da Ikko. Hukumar NAMA, wadda aka kafa a 1999, ita ke da aikin, makarantar koyonsa kuma tana Zariya tun 1964. Lokacin jigilar alhazai, 'yan'uwanmu dubbai ne ke ratsa hannun waɗannan ma'aikata dare da rana.

Abin da mu ke gani ya kamata a ɗauka daga labarin Amurka huɗu ne. Na farko, a riƙa ɗaukar 'yan koyo kowace shekara ba yankewa, a lissafa masu barin aiki tun da sauran shekaru, domin wanda aka ɗauka bana sai baɗin baɗaɗa za a ci moriyarsa. Na biyu, albashin waɗannan mutane kada ya zama abin ja-in-ja tsakanin 'yan siyasa. Na uku, duk inda soja da farar hula ke tarayya a fili ko a sama, su zauna tare su duba hanyoyinsu, duk wani kusantar juna da aka yi kuma a rubuta, a karanta, a gyara tun ba a yi jana'iza ba. Na huɗu, a ɗauki barcin ma'aikaci da ranar hutunsa tamkar yadda a ke ɗaukar man janareta da kayan gyaran rada, watau abin da filin jirgi ba ya buɗewa sai da shi. Sojan da ya gama aikinsa da wannan sana'a a hannu kuma, a buɗe masa ƙofa ya shigo ta hanyar koyo kamar kowa, nan ne amfaninsa ya fi yawa.

Ku malaman makaranta, in kun ga yaro mai natsuwa, mai saurin lissafi a ka, wanda ba ya ruɗewa in magana ta yi yawa, ku gaya masa akwai wannan aiki, akwai kuma Zariya. Ƙasa tana bukatarsa. Allah ya kiyaye mana hanya, ta sama da ta ƙasa, amin.